Rubuta Littafi Bayan Barin Aiki

Idan ma'aikaci ya tsufa, a kan sallame shi ya koma gida ya huta. Wannan shi a ke kira ritaya. A kan ba shi kuɗin sallama gaba ɗaya, sa'an nan a riƙa ba shi fansho wata wata. Manomi da maƙeri da ɗan kasuwa su ma suna da irin tasu ritayar, ko da ya ke ba su da fansho. Ran da ƙarfi ya ja baya, sai 'ya'ya su karɓi garma da masaba, tsoho ya koma zaure.

To, a zauren nan me zai yi? Waɗansu su kan yi kiwo, waɗansu su kan yi tufkar igiya, waɗansu kuwa hira kaɗai. Amma akwai wani aiki wanda ba kowa ke tunawa da shi ba, watau rubuta littafi. Dattijo ya ga abin da yaro bai gani ba. Ya san shekarar fari da shekarar yunwa. Ya san yadda aka kafa unguwarsu. Ya san sunayen itatuwan da yanzu babu su a dajinmu. Idan ya rasu bai rubuta ba, duk wannan ya bi shi kushewa.

A cikin wannan darasi za mu duba abu uku. Na fari, yadda a ke rubuta littafi. Na biyu, yadda a ke buga shi. Na uku, yadda a ke tallata shi har ya sami masu saye. Na ukun nan shi ya fi wuya, kuma a nan ne mutane da yawa su ke asarar kuɗinsu.

Labarin wani malamin makaranta

An yi wani mutum a Amurka, sunansa Firank Makot. An haife shi a birnin Niyu Yok cikin 1930. Iyayensa mutanen ƙasar Ailan ne. Yana da shekara huɗu suka koma ƙasarsu, suka zauna a wani gari mai suna Limarik. Sun sha talauci ƙwarai. Ubansa mashayi ne, kuɗi ba su zama a hannunsa. Ƙannensa uku sun rasu tun suna ƙanana. Shi kansa bai yi nisa a makaranta ba ya fita, ya zama yaron gidan waya, yana kai wa mutane takardun waya a kan keke.

Yana da shekara 19 ya tara kuɗin jirgi ya koma Amurka. Aka ɗauke shi soja, aka kai shi Jamus. Da ya gama aikin soja, gwamnati ta biya masa kuɗin karatu a jami'a, ya zama malamin makaranta. Ya yi wajen shekara 30 yana koyarwa a makarantun Niyu Yok. Yara su kan tambaye shi labarin ƙuruciyarsa, shi kuwa ya kan ba su. Har shi da ƙanensa su kan tsaya gaban jama'a su yi wasa, suna ba da labarin garinsu, mutane suna dariya.

Duk shekarun nan yana so ya rubuta littafi. Ya gwada, abin bai yi kyau ba, ya ajiye. Sai bayan da ya yi ritaya ya sami sukuni. Matarsa ta yi ta ƙarfafa masa gwiwa. Ya kuma gane inda ya ke kuskure. Da yana rubutu ne kamar babban malami. Yanzu sai ya rubuta kome kamar yadda yaro ƙarami ya gan shi, da kalmomi masu sauƙi. Nan da nan labari ya miƙe.

Aka buga littafin cikin 1996, yana da shekara 66. Sunansa da Turanci *Angela's Ashes*, watau Tokar Anjela. Anjela kuwa sunan mahaifiyarsa ne. Cikin 1997 aka ba shi kyautar Pulitzer, wadda ta ke cikin manyan kyaututtukan marubuta a Amurka. An sayar da miliyoyin littafin, an juya shi cikin harsuna da yawa, cikin 1999 kuma aka yi sinima da shi. Ya ƙara rubuta waɗansu littattafai kafin ya rasu cikin 2009.

Kada mu ɗauka kowa ya rubuta littafi zai sami abin da wannan mutum ya samu. Irin wannan sa'a ba ta da yawa. Amma akwai abin koyi a hanyar da ya bi.

Yadda a ke rubutawa

Da fari mutum ya rubuta abin da ya sani. Makot bai rubuta labarin sarakuna ba, labarin gidansu ya rubuta. Tsohon malamin asibiti ya rubuta abin da ya gani a asibiti. Tsohon direba ya rubuta labarin hanya. Ungozoma ta rubuta abin da ta sani game da goyon ciki da reno.

Na biyu, mutum ya san wanda ya ke rubuta wa. Yara ne ko manya? Manoma ne ko 'yan makaranta? Wanda ya ce littafinsa na kowa da kowa ne, galibi ba ya samun kowa.

Na uku, a sami littafin rubutu guda, a keɓe masa lokaci kullum, ko da rabin sa'a ne bayan hantsi. Wanda ya rubuta shafi ɗaya kullum, cikin wata uku ya sami shafi 90. Sannu ba ta hana zuwa. Wanda hannunsa ke rawa, ko idonsa ya yi rauni, ya riƙa faɗa jikansa yana rubutawa, ko a ɗauki muryarsa a wayar hannu, daga baya a rubuta. Haka aka sami littafin Baba ta Karo, wata tsohuwa ta ƙasar Zazzau. Ita ta faɗi labarin rayuwarta da Hausa, wata Baturiya mai suna Meri Simit ta rubuta, aka buga shi da Turanci cikin 1954. Har yanzu masu ilmi suna karanta shi.

Na huɗu, in an gama a ba wani ya duba. Laifi tudu ne, mutum ba ya ganin nasa. A nemi wanda ya san ƙa'idar rubutu ya gyara baƙaƙe. A kuma tara mutum uku ko huɗu a karanta musu da ƙarfi. Inda suka fara hamma, wurin yana bukatar ragi. Inda suka ce, "To, sai me ya faru?" wurin ya yi kyau.

Na biyar, a yi hattara da sunayen mutane. Da littafin Makot ya fito, waɗansu mutanen Limarik sun yi fushi, sun ce ya ɓata sunan garinsu, ya kuma tona asirin iyayensa. Magana zarar bunu ce. Ta baki ma ba ta komawa, balle wadda aka buga. Kada a rubuta abin da zai zubar da mutuncin wani, ko ya raba zumunta. In aka yi wa mutum ƙage a littafi, yana da ikon kai ƙara.

Hanya biyu ta bugawa

Hanya ta fari ita ce a kai wa kamfanin buga littattafai. Editansu zai karanta. In ya ga za a saya, kamfani ya ɗauki nauyin kome, watau gyara da bugawa da sayarwa. Marubuci ba ya biyan ko kwabo. A kan ba shi rabonsa daga abin da aka sayar, galibi wajen kashi ɗaya cikin goma na kuɗin littafi. Wahalar wannan hanya ita ce kamfanoni su kan ƙi karɓar yawancin abin da a ke kawo musu, kuma a kan daɗe ana jira.

Hanya ta biyu ita ce mutum ya kai maɗaba'a da kansa, ya biya da kuɗinsa. Riba duk tasa ce, asara ma duk tasa ce. Mai maɗaba'a ba ruwansa da ko an saya ko ba a saya ba. Nasa ya buga, ya ɗaure, ya miƙa maka kayanka.

Mu lura da bambancin nan. Kamfani na gaskiya shi ke biyan marubuci. Wanda ya ce ka ba shi kuɗi mai yawa shi kuwa zai mai da kai sananne, a bincika shi sosai tukuna. A tambaye shi littattafan da ya taɓa bugawa, da shagon da a ke sayar da su. Kada kuma a sa hannu a takardar yarjejeniya sai an karanta ta duka, ko an sami amintacce ya karanta.

Kafin a buga gaba ɗaya, mai maɗaba'a ya kan kawo gwaji guda. A duba shi shafi shafi. Kuskuren da ya wuce a nan zai fito a ko wane littafi. A kula da bango, gama shi mai saye ke fara gani. Suna ya zama gajere, baƙaƙensa manya, yadda za a iya karanta shi daga nesa. A bayan bango a rubuta 'yan layuka masu bayyana abin da ke ciki, da inda za a sami marubucin.

Akwai wata lamba mai alƙaluma 13 wadda a ke sa wa littafi, ana kiranta ISBN. Da ita a ke gane ko wane littafi a duniya. A Nijeriya Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ne ke ba da ita. Doka kuma ta ba marubuci haƙƙin mallakar abin da ya rubuta. Ba mai ikon buga shi sai da izninsa. A Nijeriya haƙƙin nan yana nan muddin ransa, har shekara 70 bayan rasuwarsa. Ashe littafi ma abin gado ne.

Mu yi lissafi

Ga misali. Kuɗin da za mu ambata na koyon lissafi ne kawai, ba farashin kasuwa ba ne.

A ce mutum ya buga littafi 500, ko wane ɗaya ya tsaya masa Naira 400. Jimla ya kashe Naira 200,000. Ya sa wa littafi kuɗi Naira 800. Mai shago zai cire la'adarsa, a ce Naira 200. Saura Naira 600 ke nan za ta shigo hannunsa a kan ko wane littafi.

Littafi nawa zai sayar kafin uwar kuɗi ta dawo? Mu raba 200,000 da 600. Sai ya sayar da littafi 334. Daga nan ne riba za ta fara. Cikin 166 da suka rage kuma sai a cire na kyauta, da waɗanda suka lalace, da kuɗin mota.

Idan ya sayar da 100 kaɗai, Naira 60,000 ya samu. Naira 140,000 tana kwance a ɗaka, gara da ɓera da damina suna jiranta.

Mai maɗaba'a zai ce maka in ka buga da yawa, kuɗin ko wane ɗaya zai ragu. Gaskiya ne, domin wahalar shirya inji ɗaya ce, ko 100 za a buga ko 1,000. Amma araha ba ta da amfani in kaya ba su fita ba. Yanzu akwai injuna masu aiki da kwamfuta waɗanda ke iya buga 50 ko 100. Gara a fara da kaɗan, in sun ƙare a sake. Kada dattijo ya zuba kuɗin sallamarsa duka a kan littafi. Ya ware na abinci da na magani da na makarantar yara tukuna.

Tallan littafi

Yawancin sababbin marubuta suna tsammani ran da littafi ya fito aiki ya ƙare. A'a, ran nan rabin aiki ya fara. Mai ƙosai ma ba ta zama a ɗaka ta jira masu saye. Littafi ba shi da ƙanshi, ba shi da baki. Marubuci shi ne bakinsa.

Dattijo ya kan ji nauyin wannan. Mutumin da ya saba a gaishe shi a ofis, yaya zai ɗauki jaka yana yawo da kaya? Amma talla ba roƙo ba ne, ba kuma yabon kai ba ne. Sanar da mutane ne cewa ga abin da zai amfane su.

Mu dubi wata tsohuwa ta Amurka, Lora Ingals Wailda. Matar manomi ce mai kiwon kaji a jihar Misuri. Cikin 1930 ta rubuta labarin rayuwarta, kamfanoni suka ƙi karɓa. Ba ta yi zuciya ba. 'Yarta, wadda ta san aikin rubutu, ta taimake ta, suka mai da labarin na yara. Aka buga shi cikin 1932, tana da shekara 65. Yara 'yan makaranta suka yi ta aiko mata da wasiƙu, ita kuwa tana ba su amsa da hannunta. Cikin 1937, tana da shekara 70, ta yi doguwar tafiya zuwa birnin Ditiroit, ta tsaya gaban jama'a a wurin baje kolin littattafai, ta yi musu bayanin abin da ya sa ta rubuta. Kafin ƙarshen 1943 littattafanta takwas sun fito. Makot ma haka ya yi. Ya bi gari gari yana karanta wa mutane littafinsa, har aka ɗauki muryarsa yana karanta shi duka. Shekarun da ya yi gaban allo su suka koya masa tsayawa gaban taro.

A ƙasar Hausa ma an san wannan aiki. Cikin 1933 Hukumar Fassara ta Zariya ta sa gasar rubuta labari, aka sami littattafai irin su *Ruwan Bagaja* na Abubakar Imam da *Ganɗoki* na Bello Kagara. Waɗannan hukuma ce ta buga su, makarantu kuma suka yaɗa su. Amma daga wajen 1985 zuwa gaba, marubuta a Kano suka fara buga nasu da kuɗinsu, suna kai wa masu sayarwa a kasuwa da kansu. Suka kafa ƙungiyoyi suna taimakon juna. Gidajen rediyo suka riƙa karanta littattafansu. Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya rubuta *In Da So Da Ƙauna*, da Balaraba Ramat Yakubu, wadda ta rubuta *Alhaki Kuykuyo Ne*, duka biyu sun yi karatu a ajin manya. Littafin Balaraba har an juya shi da Turanci, an buga shi a Indiya cikin 2012.

Ga hanyoyin da za a bi:

1. A fara tun littafi bai fito ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. A rubuta sunayen mutum 50 ko 100 waɗanda a ke zaton za su saya, kamar tsofaffin abokan aiki, da almajirai, da 'yan ƙungiya. A sanar da su.

2. A shirya bayanin littafi cikin magana biyu ko uku. In aka tambaye ka, "Me ke ciki?" kada ka ce, "Abubuwa da yawa." Ka ce, "Labarin yadda aka haƙa rijiyoyin garinmu ne, da mutanen da suka haƙa su."

3. A yi taron ƙaddamarwa daidai ƙarfi. A gayyaci mai gari da malamai, wani ya yi bayanin littafin, marubuci ya karanta shafi biyu. Kada kuɗin rumfa da abinci su fi abin da za a samu.

4. A kai wa masu shagon littattafai da masu shimfiɗa su a kasuwa da tasha. Zuwa da kai ya fi aike. Yawancinsu ba su biya sai sun sayar. Sabo da haka a ba su kaɗan kaɗan, a rubuta adadi da rana, kowa ya sa hannu.

5. A kai kyautar guda ɗaya gidan rediyo, guda ɗaya wurin shugaban makaranta, guda ɗaya ɗakin karatu. Kyautar da za ta jawo masu saye ita ce mai amfani. Amma in aka bi dangi da abokai kowa da nasa kyauta, jari ya tafi.

6. A yi amfani da wayar hannu. Jika ya ɗauki hoton bango, ya aika ta WhatsApp da Facebook, tare da kuɗin littafi da inda a ke samunsa. Marubuci ya karanta shafi guda a ɗauki muryarsa a aika. Amma kada a aika littafin duka, domin wanda ya samu a banza ba zai saya ba.

7. A shiga cikin marubuta. Akwai Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, wadda Chinua Achebe ya jagoranci kafa ta cikin 1981, tana da rassa a jihohi. A wurinsu a ke jin wace maɗaba'a ce mai amana, wane mai shago ne mai biya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mafi ƙarfin talla duka shi ne bakin wanda ya karanta. In littafi ya yi masa daɗi zai gaya wa maƙwabcinsa. Wannan ba a sayensa da kuɗi, sai da kyan aiki. Don haka ne muka ce a gyara rubutu sosai tun da fari.

Abin da za mu riƙe

Tsufa ba ya hana mutum zama marubuci. Makot yana da shekara 66, Lora tana da 65. Dukansu sun gwada sun kasa kafin su dace. Dukansu kuma sun fita sun sadu da masu karatu.

Ba lalle ne littafi ya kawo dukiya ba. Wanda ya mai da uwar kuɗinsa, ya yi abin kirki. Wanda littafinsa ya shiga hannun mutum 200, jikokinsa kuma suka san asalinsu, bai yi aikin banza ba. Amma a shiga da lissafi, a fara da kaɗan, a riƙe takardar ko wane ciniki.

Mu da mu ke koyon rubutu yanzu, kada mu ce abin ya fi ƙarfinmu. Da rarrafe yaro ya kan tashi. Wanda ya iya rubuta wasiƙa, ya iya rubuta shafi guda. Littafi kuwa shafi ne bisa shafi.

Tambayoyi

1. Shekarun Firank Makot nawa sa'ad da aka buga littafinsa na fari?
2. Mene ne bambancin kai littafi kamfani da buga shi da kuɗinka?
3. Idan ka kashe Naira 120,000, kana samun Naira 600 a kan ko wane littafi, nawa za ka sayar kafin kuɗinka su dawo?
4. Don me ba a son a aika littafi duka ta wayar hannu?
5. Faɗi hanya uku ta tallan littafi.

Aikin gida

Kowa ya je wurin wani tsoho ko wata tsohuwa a unguwarsu, ya tambayi labarin abu guda da ya faru kafin a haife shi. Ya rubuta shi cikin layi goma, ya kawo aji mu karanta tare.